Amsa Ga Yarona Da Aka Damƙa Wa Lebura

Saƙonka ya iso ni, kuma na gode wa Allah da har ka kai matsayin da mutum zai damƙa maka ginin gida da birkila biyu da lebura takwas. Ka ce suna zuwa a makare, da zarar ka juya baya sai su nemi inuwa, kana kuma tambaya ko ka ɗora abokinka a kansu domin ka samu sararin zuwa Ƙofar Ruwa sayen rodi. Ba zan tsaya koya maka yadda ake raba aiki da safe ko ƙirga bulon da birkila ya jera ba, domin wanda ya yi shekara bakwai yana ɗaukar kwano a bayana, idan bai san wannan ba, gara ya koma sayar da rake. Maganar abokin nan ce ta sa na ɗauki biro.

A shekarar 2012 na karɓi aikin bene a Rijiyar Zaki, na wani Alhaji ɗan kasuwa wanda bai taɓa jinkirta mini biya ba. Ina da wani aikin a Hotoro a lokacin, kuma duk wanda ya san Kano ya san tsakanin wuraren nan biyu ba nan kusa ba ne. Sai na ɗauko ƙanin matata, wanda ya iya magana kamar mai wa'azi, na ce shi ne heluma. Na ba shi makullin sito, kuma kowace Alhamis ina ƙirga masa kuɗin mutum goma sha biyu ya raba musu. Mako uku a jere yana ba su rabi, yana cewa Alhaji bai saki kuɗi ba, su yi haƙuri. Ni kuwa ina zuwa da la'asar, in leƙa, in ga bango yana tashi, su gaishe ni, in hau babur in tafi. Babu wanda ya buɗe baki, domin wa zai kai ƙarar surukin Oga wurin Oga?

Lebura ba ya kai ƙara kotu, a jikin aikin yake fanshe haƙƙinsa. Da dare buhunan siminti suna fita ta baya da sanin maigadi, wanda shi ma ba a biya shi ba. Ranar zubin dakin, wato kankaren rufin bene, ta zo, na ƙaro lebura har suka kai ashirin da biyar, na tsaya aka fara kwaɓi yadda ya kamata, siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, sannan aka kira ni Hotoro. Ina barin wurin suka fara ƙara yashi don a rufe giɓin buhunan da suka ɓace, da azahar kuma tsofaffin leburan suka kife kwanuka, suka ce sai an biya su bashin mako uku. Kafin in dawo in gane abin da ake ciki, in ranto kuɗi in sallame su, rabin kankaren ya riga ya kama, sauran aka zuba a gefensa da yamma. Ko yaron da ya fara aiki jiya ya san abin da hakan ke haifarwa.

Na yi ta ba shi ruwa safe da yamma ina addu'a, na bar gora da katako har kwana ashirin da ɗaya. Ranar da kafinta ya cire su, sai ga tsaga ta bi daidai inda aka tsaya, tsakiyar falon kuma ta lotsa yadda ko ba ka ja igiya ba ido zai nuna maka. Alhaji ya zo ya ɗaga kai ya duba, bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malam, 'ya'yana ne za su kwana a ƙarƙashin wannan." Da ma mari ya yi mini, da ya fi sauƙi. Kwana tara muna fasa shi da guduma. Siminti buhu 140 da tsakuwa da ladan aiki duk daga aljihuna suka fito, sai da na sayar da filin da na yi shekara shida ina tara kuɗinsa. Wani dattijo daga cikin leburan, mutumin Zinder, ya ce mini, "Oga, da a hannunka muke karɓa, da ko buhu ɗaya bai fita ba." Shi kuwa gogan naka, ƙanin matata, ban iya ko ɗaga masa murya ba, domin kafin in isa gida surukata ta riga ni, ta zo ba da haƙuri. Har yau idan mun haɗu a wurin suna, shi ne yake fara miƙo hannu yana tambayar yaya aiki.

Saboda haka kada ka ɗora abokinka, kada ka ɗora duk wanda kunya za ta hana ka korarsa. Idan dole sai ka naɗa wani, ɗauki birkilan da ya fi sauran iya aiki, wanda idan ya ce a rushe layi a sake, hannunsa zai iya nuna yadda ake yi. Ka ba shi umarni, amma kuɗi da makullin sito su zauna a wurinka. Ka kira kowa da sunansa ka zuba masa haƙƙinsa a tafin hannunsa kafin magariba, kuma idan mai gida ya jinkirta, ka tara su ka faɗa musu da bakinka. Na san ku yaran yanzu kun fi son ku zauna a shago ku tura wa mutum ɗaya kuɗi ta waya ya raba, kuna kiran wannan wayewa. Ku ne kuma masu ɗaukar hoton gini ku sa a Facebook tun fulasta ba ta bushe ba.

Batun makara da zama a inuwa kuwa, ban ga abin tsawaita magana ba. Ƙarfe nawa kai kake isa wurin? Ni har yanzu, da furfurata, ƙarfe bakwai a bakin aiki take same ni, kuma ban taɓa ganin leburan da ya tarar da Ogansa riƙe da shebur ya maimaita makara sau uku ba. Wanda ya yi kuskure ka ja shi bayan tarin bulo ku yi magana, kada ka tozarta shi a gaban yaran da yake aika, kuma kuɗin abincin rana kada ya wuce azahar. Idan ranar zubinka ta zo, ka aiko mini tun ana saura kwana biyu, zan zo in ƙirga buhunan da kaina, kai kuma ka kashe wayarka har sai an zuba kwano na ƙarshe.