Tambayoyin Masu Karatu: Ko ɗan birni zai iya hawan Chappal Waddi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da abokaina mun saba zuwa Yankari lokacin hutu, amma bana muna so mu gwada gandun dajin Gashaka Gumti, har mu hau dutsen da aka ce ya fi kowane tsayi a Najeriya. Me za mu gani a can, kuma mutanen da ba su taɓa hawan abin da ya wuce Dala da Goron Dutse ba za su iya? Daga wani mai karatu a Gwammaja, Kano.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Za ku iya, amma da sharaɗin ku cire Yankari daga ranku, domin a can mota ce take zagayawa da ku, a nan kuwa ƙafa ce za ta yi aikin.

Gashaka Gumti shi ne gandun daji na ƙasa mafi girma a Najeriya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000 a jihohin Taraba da Adamawa, kuma a 1991 aka haɗe gandun Gashaka da na Gumti aka ba su wannan matsayi. Arewacinsa, wajen Toungo, fili ne mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, inda ake samun ɓauna da gwanki da mugun dawa. Kudancinsa ne ƙasar duwatsu da kurmi, kuma a nan Chappal Waddi, dutsen da kuke son hawa, yake, a bakin iyakar Kamaru, da tsayin mita 2,419 daga matakin teku. Birnin Kano bai fi kimanin mita 500 ba, kuma da yake iska tana ƙara sanyi da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau, daren da za ku kwana a sama zai iya fin tsakiyar hunturun Kano tsanani. Ku ɗauki bargo da rigar sanyi ko da zafi ake yi ranar da kuka bar gida.

Hawan kansa ba na igiya da ƙugiya ba ne. Tafiya ce ta kwanaki, ana ratsa rafuka da kurmi, sannan a fito tudun ciyawa inda Fulani makiyaya suke kiwo, kuma ba a yin ta sai da rakiyar ma'aikatan gandun da 'yan dako. A ganina abin da zai fi ba ɗan birni wahala shi ne tafiyar wuni guda cur, a kwana a tanti, a tashi da asuba a sake, saboda haka ku fara motsa jiki tun yanzu, kuma kada ku je da sabon takalmi.

Game da namun daji, kada ku sa rai da yawa. Akwai dorinar ruwa da kada a koguna, akwai gwaggon biri da tsuntsaye sama da iri 500, amma kurmi yana ɓoye abin da ke cikinsa. Abin da gandun ya fi shahara da shi a wajen masana shi ne biri mai ganga, wato babban birin da Turawa suke kira chimpanzee, wanda yakan fiƙe tsinke ya zura a rami ya lakato zuma ko kwarkwasa ya ci. Sau da yawa baƙo ba ya ganinsa, sai dai ya jiyo dukan da yake yi wa saiwar manyan bishiyoyi daga nesa, ko ya ɗaga kai ya ga gadon ganyen da ya kwana a kai. Kogunan da kuke tsallakawa kuma su ne suke ciyar da Kogin Taraba, wanda yake zuba a Binuwai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa aka hana sare dajin.

Lokacin da ya dace shi ne daga Disamba zuwa Maris, domin da damina koguna suna cika, hanyoyi su lalace, ko da yake hazo yakan rage nisan abin da ido zai hango daga ƙololuwa. Hanya daga Kano ita ce Gombe, Numan, Jalingo, Bali, sannan Serti, inda hedikwatar gandun take. Ku tuntuɓi ofishin tun kafin ku tashi domin izini da jin halin tsaro, ku raba tafiyar kwana biyu, kuma ku riƙe gidan sauro da maganin cizon ƙwari, domin akwai tsando a gangaren koguna.