Kunne Ya Kumbura Har Ya Toshe, Alhali Mutum Lafiyarsa Ƙalau

Tambaya: Likita, maigidana ba shi da ciwon suga ko wata cuta, amma kwana huɗu ke nan kunnensa ya kumbura ya toshe, yana fitar da ruwa, ko taɓawa ba ya bari a yi. Ya sha amoxicillin, shiru. Mene ne mafita?

Amsa: Malama, wannan ya yi kama da ciwon ramin kunne, wato kafar nan mai tsawon kusan santimita 2.5 daga waje zuwa dodon kunne. Alamarsa: a ja kunnen, ko a danna ɗan guringuntsin da ke bakinsa, zogi ya ƙaru. Dauɗar kunne ce ke kare fatar wurin. Ruwa ya kwanta ko tsinken auduga ya kankare ta, sai bakteriya su samu ƙofa, galibi Pseudomonas ko Staphylococcus. Amoxicillin ba ya taɓa Pseudomonas, don haka ba mamaki.

Maganin ɗigawa ne ainihin maganin, amma ba zai shiga kunnen da ya toshe ba. Nan ake yin asarar kwanaki. Likitan kunne zai zuƙe mugunyar da na'ura, in kumburin ya yi yawa ya zura ɗan siririn soso kamar lagwani, ya riƙa jan maganin ciki, a cire bayan kwana 2 zuwa 3. Akan ba da ciprofloxacin haɗe da dexamethasone, ɗigo 4 safe da yamma, kwana 7. Ya kwanta kunnen na kallon sama, ke ki ɗiga masa, ya zauna haka minti 3 zuwa 5. Kada a sayi mai neomycin ko gentamicin kafin a duba dodon kunne. Idan ya huje, suna iya lalata ji.

Paracetamol ko ibuprofen za su rage zogin. Wajen wanka ya toshe bakin kunnen da auduga mai Vaseline.

Sauƙi kan fara cikin awa 48 zuwa 72. In bai zo ba, a koma: wataƙila fangas ne (ƙwayar cuta dangin fumfuna), ba bakteriya ba, ko fatarsa ba ta karɓi maganin ba. Zazzaɓi, jan da ya bazu zuwa kunci ko wuya, azabar da ke hana barci, ko karkacewar baki, asibiti ne a ranar. Kuma a auna sugarsa duk da haka, domin wasu sai irin wannan ciwon ke tona ciwon sugan da ba su san da shi ba.