Shimfiɗar kwana a tafiyar keke: ta soso ko ta hurawa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, tunda tafiyar taka daga Maradi zuwa Damagaram ce cikin watan Disamba, kuma a daji za ka riƙa yada zango, ta soso za ka saya. Dalilin shi ne ƙaya.

Ta hurawa ta fi daɗin kwanciya, babu musu. Kaurinta santimita 5 zuwa 7, nauyinta wajen giram 400 zuwa 500, in an naɗe ta ba ta wuce gorar ruwa ta lita ɗaya ba. Amma daga Tasawa ka nausa gabas, duk inda ka sauka akwai ƙarangiya da tsidau, ƙarƙashin aduwa kuwa ƙayar a binne take cikin rairayi, ido ba ya ganinta. Huda guda ta isa: ka kwanta a kan iska, kafin asuba haƙarƙarinka na kan ƙasa. Kuma gam ɗin facin keke ba ya kama yadinta, don ba roba ba ce, sai facin da aka sayar da ita da shi. In ta zama dole, shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa tukuna, kada ka hura ta ta yi tantsan, kada kuma ka bar ta a hure cikin rana, iskar kan kumbura ta ɓalle ɗinkin ciki. Wurin yoyo ana gano shi da ruwan sabulu, inda ya yi kumfa nan ne.

Ta soson da nake nufi ba soson katifa ba ne, wannan yana shan ruwa da ƙura. Mai tauri za ka nema, wanda in ka zuba masa ruwa sai ya gangare. Tsawo santimita 180, faɗi 50, kauri ɗaya da rabi zuwa biyu, nauyi kusan giram 400. Matsa shi da babban yatsa a gaban mai shago: in gurbin bai taso nan take ba, bar masa kayansa. In akwai lambar R a jiki, wato ma'aunin yadda shimfiɗa ke tare sanyin ƙasa, 2 ta ishe ka ɗarin nan namu, domin sanyin da ke hana barci daga ƙasa yake tasowa, bargo ba ya tare shi. Shi ya sa tabarmar leda ba ta wadatarwa, ga nauyi ga ba ta riƙe ɗumi.

Aibin soson girma. Ɗaure shi bisa kariya da robar tib, a miƙe da tsawon keken, don in ka gitta shi iskar hunturu da za ka fuskanta tana tahowa daga arewa maso gabas za ta yi ta ja maka baya. Kafin ka shimfiɗa, share wurin da takalmi, ka ɗan tona rami mai zurfin yatsu uku daidai kwankwaso. Da safe kakkaɓe shi sosai kafin ka naɗe, kunama na son laɓewa ƙarƙashinsa.