Amsa: Abin da la'asar take nufi a waƙar soyayya

Malama, kin tambayi dalilin da ya sa mawaƙin yake ta ambaton la'asar da gushewar inuwa, alhali waƙar tasa kan saɓani da masoyiyarsa take, kuma kina zargin ya saki jigo, wato ainihin saƙon waƙar. A ganina bai saki jigo ba, salon alamtarwa ya yi amfani da shi, wato ambaton wani abu don ya tsaya a madadin wani.

Bahaushe yana auna yini da rana da lokutan salla, saboda haka hantsi yakan tsaya a matsayin ƙuruciya da farkon shaƙuwa, la'asar kuwa, musamman sakaliya, lokaci ne da rana ta yi ja, 'yan kasuwa suka fara naɗe tabarmi, wanda bai sayar ba ya fara fid da rai. Idan mawaƙi ya ajiye soyayyarsa a wannan lokaci, yana faɗa miki cewa ba ta mutu ba tukuna, amma abin da ya rage mata kaɗan ne. Inuwa ma haka take, domin wanda ya zauna ƙarƙashin bishiya yana jiran wani, ya ga inuwar ta bar shi a rana, ya san jiran ya wuce kima.

Shawarata ita ce ki saurari amshin da kyau, domin a nan mawaƙanmu suka fi ajiye jigo, baitoci kuwa warwara ce kawai. Ki kuma lura ko yana cewa "kin" ko "mun", saboda na farko zargi ne, na biyun kuwa amincewa ce cewa laifin nasu ne su biyu.