Fatawa: Kamfani Da Dashe, Ni Da Gona, Ya Halatta Mu Haɗa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni manomi ne a Kangiwa, jihar Kebbi. Wani kamfani ya yi mana tayi: shi zai kawo dashen turare da dakwara da taki, mu dasa a gonakinmu, mu kula da su har su isa sara ko ɗibar ƙaro, sannan ya ɗauki sulusin abin da aka samu. Sai dai takardar ta ce shi kaɗai za mu sayar wa rabonmu, a farashin da ya yanke, kuma duk dashen da ya mutu mu za mu biya. In sa hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam. Asalin wannan haɗin gwiwa halal ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar cewa Annabi (SAW) ya bar wa mutanen Khaibar gonaki su yi aikinsu a kan rabin amfanin da ya fito. Malikiyya ma suna da babin mugarasa, inda mai ƙasa ke ba wani ya dasa itatuwa su yi tarayya. Taku ta ɗan bambanta, tunda ƙasa da aiki duk naka ne, amma abin da na rinjayar shi ne ta inganta muddin rabon sananne ne kuma ya game gonar duka, kamar sulusin nan. A ce layukan gabas na kamfani, na yamma naka, wannan shi ne abin da hadisin Rafi'u bn Khadij ya hana, don wani ɓangare kan yi kyau wani ya lalace.

Sharuɗɗan nan biyu ne matsala. Ciniki ba ya ƙulluwa a kan farashin da ba a sani ba, balle a bar shi hannun mai saye shi kaɗai. Wannan garari ne, wato ciniki a kan abin da ba a san yadda zai kasance ba. Dakwara sai ta yi shekara 4 ko 5 kafin ta ba da ƙaro. Bayan duk wannan wahala a zo a taya maka yadda aka ga dama? A rubuta cewa kamfani za ka fara yi wa tayi, in ba ku daidaita ba ka kai kasuwa.

Biyan dashe kuwa, kai amini ne, wato wanda aka ba amana, ba ka lamuni sai da sakaci. In ka bar shinge a buɗe awaki suka cinye, ko ka cinna wa gona wuta lokacin sharar gona, biya ya hau kanka. Amma in fari ne ko gara, kamfani ya yi asarar dashensa, kai ka yi ta guminka.

Ban da fiƙihu, ɗan'uwa: turare akwai shan ruwa, gara ka kai shi kan iyaka, kada ka hana iyalinka gero. Kuma in gonar gado ce da ba a raba ba, sai kowane magaji ya yarda, har mata.

Kada ka sa hannu sai an gyara sharuɗɗan nan biyu a rubuce, gaban shaidu. Wallahu a'alam.