Fenti ko sabon kwano? Shiga silin tukuna

Wai kai, duk daɗewarka a hannuna, yau kake tambayata ko a shafe rufin gidan mutumin nan na Gwammaja da fenti ko a yaye shi a buga sabon kwano. Da na ce me ka gani, sai ka miƙo min waya, wai ga hoton da ya turo maka ta WhatsApp. Hoto! Daga tsakar gida aka ɗauka, rana na dukan kwano. To ni me zan gani a nan? Jan tsatsa? Ai makaho kaɗai ne ba zai ga tsatsa a rufin Kano ba. Wannan ita ce cutar yaran yanzu, kuna zaune a inuwa kuna yanke farashin aikin da ƙafarku ba ta taka ba, kuma kowa so yake a kira shi injiniya.

Ajiye wayar nan ka saurara. Ba a yanke wa rufi hukunci daga ƙasa, ba a ma yanke masa daga sama. Daga ciki ake yi. Ka buɗe ƙofar silin ka shiga da tsakar rana, ka kashe tocila ka ɗaga kai. Duk inda haske ya leƙo, ruwa ma ta nan zai bi. Sannan ka zaro sukundireba ka bi rafta, wato katakon da ke ɗauke da rufin, kana caka. Idan ta yi tsalle ta dawo, katako na da rai. Idan ta nutse, gari ya zubo maka a fuska, gara ta gama aikinta, kuma ko fentin da aka sauke daga jirgi ka shafa a sama, asarar kuɗin mutum ka yi. Fenti ba ya toshe yoyo, ba ya riƙe kusa. Aikinsa ɗaya ne, ya tsare ƙarfen da bai riga ya mutu ba.

Ka san abin da ya sa raina ya ɓaci da tambayar nan? Wani Alhaji ta tuna min.

Tun kafin wayar salula ta shigo a 2001 ne. Gidansa yana can wajen Kurna, ɗakuna huɗu da falo, irin ginin nan da katanga ta ɓoye rufi. Ya aiko a kira ni cikin bazara, ana zafin nan da kwano ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi. Na shiga silin, na fito da garin katako har a gemu. Na ce, Alhaji, rufin nan ya gama. Rafta ta tafi, falankin da ke riƙe kwano ya tafi, kusoshi da hannu nake zarewa. Sai ya kama hannuna, ya kwantar da murya: “Malam, ka rufa min asiri. Bana babu hali, ga kuɗin makarantar yara, ga kasuwa ta tsaya. Ka yi min fenti kawai ya kai ni baɗi, in Allah ya nuna mana sai mu yaye gaba ɗaya, kuma kai za ka yi.” Dattijo da furfura, da carbi a hannu. Na sake gaya masa baki da baki cewa fentin ba zai hana komai ba idan iska ta zo. Ya ce ya ji, ya ɗauka, Allah zai tsare.

Kafin alƙalamin da ya bayar bai kai rabin kuɗin kaya ba. Na je Ƙofar Ruwa wajen mutumin da nake sayen kaya a hannunsa, na ɗauko jan fentin ƙasa da koren fentin sama bashi, da sunana, don a lokacin sunana kuɗi ne a kasuwar nan. Muka kankare rufin nan falle-falle, da asuba muke hawa mu sauko kafin rana ta ɗaga. Inda katako ya ɗan rage ƙwari na sake kusa, inda ya huje na liƙe. Wallahi da muka gama, in ka tsaya a bene na maƙota ka hango, sai ka rantse jiya aka sauke shi daga kamfani. Aikina ne, ba na yin aikin kunya ko da na wucin gadi ne.

Ciko fa? Ka zo gobe. Ka dawo jibi. Alhaji ya tafi Legas. Alhaji yana barci. Alhaji ya fita ta ƙofar baya, wannan yaron gidan ne ya gaya min da bakinsa. Ina ta sintiri, mai fenti na aiko min da yaro shago.

Sai hadarin farkon damina ya taso, irin wanda ke zuwa daga gabas da jar ƙura a gaba kafin ɗigon ruwa ya sauka. Cikin dare iska ta shiga ƙarƙashin rufin, ta ɗaga ɓangare guda da raftarsa da komai ta kifa a gidan maƙoci. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma ruwa ya kwana a ɗakuna, silin ya zubo, katifu da littattafai duk sun tafi. Da safe aka aiko wai mai unguwa na nemana. Na tafi da ƙarfin gwiwata, ina cewa yau dai Alhaji zai tuna maganata. Ina shiga zaure sai na tarar da wani bawan Allah da ban taɓa gani ba, idonsa jajur. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ashe gidan da na yi wa fenti yanzu nasa ne. Ashe fentina bai gama bushewa ba Alhaji ya sa gidan a hannun dillalai, kuma abin da aka riƙa gaya wa masu saye shi ne sabon rufi ne, ga ma sunan wanda ya buga. Sunana aka sayar da gidan da shi. Mutumin nan ya zuba kuɗin sallamarsa na shekara da shekaru saboda ya ji an ce ni na yi. Daga baya na gano har ƙofar silin ɗin da na shiga Alhaji ya sa an toshe an bi ta da farin fenti, don kada wani ya leƙa.

Aka kira Alhaji. Ya zo da babbar riga, ya zauna, ya dube ni ido cikin ido ya ce shi kuɗin sabon rufi ya ba ni, in na yi masa fenti a kan tsohon kwano to ni na cuce shi. Babu takarda, babu shaida, don a soron gidansa muka yi magana mu biyu. Yarana da suka yi aikin aka ce yarana ne, dole su bi bayana. Mai unguwa mutumin kirki ne, amma me zai yi? Sulhu ya yi irin na manya: malamin ya nemo kaya, Alhaji ya ɗan taimaka da abin da ya sawwaƙa, ni kuma in buga kyauta. Abin da ya sawwaƙa! Bandir ɗaya ya aiko, falle 20, shi ma irin sirantaccen nan da yaro zai naɗe da hannu. Na buga rufin nan ban karɓi ko sisi ba, saboda malamin ya ba ni tausayi, na ciyar da yara daga aljihuna, na biya bashin fenti kaɗan-kaɗan. Cikona har yau. Kuma wannan duk mai sauƙi ne. Akwai kwamitin wata Islamiyya da muka riga muka yi magana zan rufa musu ajujuwa, labari ya kai musu cewa rufina ya tashi a ruwan farko, suka ba wani. Wa zai tsaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bayani? Har yau mukan haɗu da Alhajin a wajen ɗaurin aure, ya miƙo hannu yana tambayar iyali. Ina karɓa don idon jama'a. Na bar shi da Allah, amma kada kowa ya ce maka na yafe.

To kai da Allah ya ba ka abin da ni ban samu ba, waya mai ɗaukar hoto da murya, me kake yi da ita? TikTok. In ka shiga silin ka ɗauki raftar da gara ta ci, ka nuna wa mai gida a gaban mutum biyu da ba yaranka ba. Abin da kuka yanke a rubuta, a ce fenti ne a kan tsohon kwano, ya sa hannu. In katako ya mutu kuma ya nace sai fenti, ka ɗauki tsaninka ka tafi. Kuma ka tambaya a unguwa ko gidan na kasuwa ne. Mutumin da ke zaune a gidansa yoyo ne ke damunsa, shi zai ja ka ya nuna maka inda yake tara bokiti. Wanda bai ambaci yoyo ba, launi kawai yake tambaya, ka buɗe ido da shi.

Yanzu idan katako lafiya lau, sai a koma kan kwanon. Tsatsa iri biyu ce. Akwai wadda take kamar hoda, ka goga da burushin waya ƙarfe ya fito da ƙwarinsa. Wannan farin ruwan da kamfani ya shafa ne ya ƙare, ƙarfen na nan, fenti zai ƙara masa shekaru. Akwai kuma wadda ke ɓamɓarowa ɓawo-ɓawo, ka danna da babban yatsa ya lotsa. Wannan fallen ya tafi. Kuma kada tsakiyar falle ta ruɗe ka, can ne ƙarshen lalacewa. Ka ɗaga inda falle ya hau kan falle, ka duba bakin kusa, ka duba bakin kwano inda ya sauka cikin gota. Zafin garin nan, da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, kullum yana buɗa kwano da rana ya tsuke da dare, ramin kusa na ta faɗi har hular kusar ta daina rufe shi. Rabin yoyon da ake kira na a kai ba kwano ba ne ma. Gidajenmu masu katanga a kan rufi, ƙurar hunturu da leda da ganyen darbejiya ke cika gota, indararo ya toshe, ruwan Agusta ya rasa hanya ya koma ciki ta ƙarƙashin kwano. Yaro da tsintsiya zai gyara abin da wani marar tsoron Allah zai ce sai an canza rufi.

Ni ƙa'idata, in fallayen da suka mutu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a cire su a sa sababbi, a sake kusa, a yi fenti. In sun doshi rabi, faci ya zama wasa da kuɗi, bana ka canza nan baɗi can ya ɓalle, gara a yaye a huta. Kuma ka yi wa mai gida lissafi na gaskiya. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya tashi, kwano, katako, har kuɗin ɗauko su daga Na'ibawa, don haka mutane ke gudun canji, ban ga laifinsu ba. Sai dai tsohon kwanon da iyayenmu suka buga ya fi yawancin na kasuwar yanzu kauri nesa ba kusa ba. Na sha hana mutum yaye rufi mai nauyi don ya sa sabon da ƙanƙara ɗaya za ta lotsa. In za a sa alminiyon dogon falle, ka sa a auna kaurin a gabanka. A ce maka kaurin milimita 0.55 ne a kawo 0.45, ko abin da bai kai ba, wannan kullum ne. Shi ba ya jan tsatsa, amma in ya yi siriri iska ke yage shi daga bakin kusa.

Yadda ake kankarewa, da wanke ƙura, da sa jan fentin ƙasa kafin na sama, ba zan ɓata bakina ba. Wanda bai san wannan ba ya je ya nemi adaidaita sahu ya ja. Lokaci kawai zan tuna maka, don na ga kuna da gaggawa: bayan ƙurar hunturu ta lafa, kafin hadari ya fara haɗuwa, kuma da sassafe. Ka shafa a kan kwano mai zafi, fentin ya bushe kafin ya kama, damina ɗaya ya kwaɓe. Sabon katako kuma ba ya hawa sama sai ya sha maganin gara, ko baƙin mai ne in babu hali, har kan yanka.

Ku kuna ganin wannan tambayar sabuwa ce. Maginan cikin Badala da suka yi rufin soro da azara sun san ta tun kafin kwano ya zo garin nan. Duk shekara kafin ruwa sai an hau an bi tsaga an yi yaɓe, masu hali su sa laso, shafen nan mai hana ruwa shiga, da ake haɗawa da katsin marina irin ta Ƙofar Mata. Amma magini na ƙwarai ba ya taɓa yaɓe sai ya shiga ɗaki ya ɗaga kai ya duba azara, in ta sunkuya ya ce a sauke. Je ka Gidan Makama ka ɗaga kai ka ga aikin mutanen da ba su da tef ɗin awo ba su da waya.

Sai maganar tsohon kwano in an yaye, don nan ma ana rigima. Kuɗi ne, masu sayen tsohon ƙarfe na biya, wasu kuma na saye su kewaye fili ko su yi rumfar dabbobi. Na mai gida ne sai in ya ce ya bar maka, kuma a faɗa tun kafin a zare kusar farko. Ka ƙirga a gabansa, ka jera a inda ya nuna. In na ji an ce falle ɗaya ya bi ɗaya daga cikinku gida, ba sai an kai ni gaban mai unguwa ba, ni zan kore shi da hannuna. Tashi ka ɗaure tsanin nan a kan kura, kuma ka nemo min sukundirebata mai jan hannu da kuka ara tun ranar Talata.