Shin “spend money like water” yabo ne ko suka?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na ci karo da “spend money like water” a wata jarida ta Turanci, sai na ɗauka yabo ne ga mai sakin hannu, har na yi niyyar sa shi a wasiƙar godiya ga wani da ya taimaka mini. Shin ya dace? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, barka kadai. Gara da kika tambaya tun ba ki aika da wasiƙar ba, domin da kin rubuta shi, da kin soki wanda kike son gode wa. Wannan salon magana yana nufin kashe kuɗi ba ji ba gani, wato facaka ko almubazzaranci, kuma kusan duk inda Bature ya faɗe shi akwai zargi a ciki. An kwatanta kuɗin da ruwa ne saboda yadda ruwa yake zurarewa ta tsakanin yatsu, ba ya tsayawa a tafin hannu, kuma wanda ya buɗe famfo ba ya ƙirga abin da ya zuba. Saboda haka idan aka ce “He spends money like water”, ana nufin mutumin ba ya lissafi, ba ya tattali, kuma mai maganar yana jiye masa abin da zai biyo baya. Idan abin ya riga ya faru, “spent” za a ce, ba “spended” ba, kuskuren da nake yawan gani a rubutun masu koyo.

Kada kuma ki haɗa shi da “kuɗin ruwa” na Hausa, wanda yake nufin ƙarin da ake ɗorawa a kan bashi. Kalmar ruwa kawai suka yi tarayya a kai.

Akwai makusantansa guda biyu. Mutanen Birtaniya kan ce “splash out on” idan mutum ya kashe kuɗi mai yawa sau ɗaya don ya faranta wa kansa rai, kuma wannan ba lallai ne ya zama suka ba. Shi kuwa “money burns a hole in his pocket” yana siffanta wanda kuɗi ba sa iya kwana a aljihunsa, da sun shigo hankalinsa ba ya kwanciya sai ya rabu da su.

A wasiƙarki, kalmar da ta dace da mai kyauta ita ce “generous”, kuma “Thank you for your generosity” ya wadatar.